Sa a turke: abin da ya kamata ka sani game da tumbinsa kafin ka zuba kuɗinka

Shekaru uku da suka wuce, ana saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, wani kawuna ya yi asarar sa. Bunaji ne fari tas, ya kai wata uku a turke, har dillali ya zo ya taya kawu ya ce albarka. Ranar da abin ya faru ana biki a gidan. An jiƙa gero mai yawa za a yi kunu da fura, ya ragu kusan rabin baho, sai wata baiwar Allah ta ce kada a yi almubazzaranci, a kai wa san shi ma ya ci biki. Ya cinye tas. Washegari da safe ya ƙi tashi, ya daina tuƙa, cikinsa ya cika da ruwa kamar salka, ga zawo mai warin tsami. Kafin a samo malamin dabbobi an riga an kira mahauci. Abin da aka samu a naman bai kai rabin kuɗin da aka taya ba.

A gidan wasu suka ce baki ne, wasu suka ce sammu. Ni dai ban ce komai ba a ranar, don ba lokacin ja-in-ja ba ne. Amma geron ne ya kayar da shi, kuma yadda hakan ke faruwa shi ne abu na farko da nake ganin duk mai shanu biyu ko biyar a bayan gida ya kamata ya fahimta.

Wa kake ciyarwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya san cikin saniya gida huɗu ne. Akwai tumbi, wanda ya fi kowanne girma, a babbar dabba yana ɗaukar sama da lita 100. Akwai ƙaramin da cikinsa ke kama da saƙar zuma, sai mai shafi-shafi kamar littafi, sannan na ƙarshe wanda shi kaɗai ne ke aiki irin na cikin mutum.

Saniya da kanta ba ta da sinadarin da ke narkar da ciyawa, kamar yadda mu ma ba mu da shi. Masu wannan aikin su ne ƙananan halittun da ke zaune a tumbi, galibinsu bakteriya. A ɗigon ruwan tumbi da bai cika cokalin shayi ba akwai su biliyoyi. Su ke tsima ciyawa da kara, su fitar da wasu sinadarai masu ɗan tsami da ke ratsa bangon tumbi su shiga jini, kuma daga nan dabbar ke samun mafi yawan ƙarfinta. Bayan haka su kansu bakteriyar sukan gangara zuwa gidan ƙarshe a narkar da su, su zama furotin ɗin da ke gina tsoka. To ka ga duk abin da ka zuba a komi, su ne za su fara karɓa. In sun ji daɗi sa ya yi ƙiba. In sun wahala, ko buhu nawa ka saya a banza.

Su kuma iri-iri ne. Masu cin ciyawa daban, masu cin sitaci irin na gero da masara da dawa daban. A tumbin san da ya saba da harawa da kara, masu cin ciyawa ne suka fi yawa, kuma suna son wuri mara tsami sosai, tsakanin 6 da 7 a ma'aunin pH. Abin da ke riƙe musu wurin a haka shi ne yawu. Babbar saniya na iya haɗiye yawu sama da lita 100 a rana, kuma a cikinsa akwai sinadarin kashe tsami dangin wanda ke cikin kanwa. Yawun nan tuƙa ce ke kawo shi. Lafiyayyen sa yakan shafe awa bakwai zuwa takwas a rana yana tuƙa, kuma abinci mai kaushi ne ke sa shi yin ta.

Yanzu koma kan rabin bahon gero. Jiƙaƙƙen hatsi ba ya buƙatar tuƙa, don haka yawu ya ragu. Masu cin sitaci suka samu garaɓasa, suka hayayyafa cikin 'yan awanni, suna zubo wani asid mai ƙarfi irin wanda ke sa nono tsami. Da pH ya faɗo ƙasa da 5, masu cin ciyawa suka mutu, tumbi ya tsaya cik, ya shiga janyo ruwa daga jini zuwa cikinsa. Shi ya sa cikin ya cika da ruwa alhali idon dabbar ya zurma don ƙishi. Wanda ya tsira daga wannan sau da yawa yakan dawo da ɗingishi, saboda abin yana taɓa kofato.

Wannan ba yana nufin hatsi ko dusa guba ba ne. Masu kiwon turke na gaske suna ba da su da yawa ma. Sirrin dai lokaci ne: tumbi na buƙatar mako biyu zuwa uku kafin jama'ar cikinsa su sauya su dace da sabon abinci. San da ka sayo daga hannun makiyayi bai san dusa ba. Kwanakin farko ka bar shi da harawa da busasshiyar ciyawa, ka fara da ɗan abin da bai wuce rabin kilo na dusa ba, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku. Ka raba dusar safe da yamma, kuma ka fara zuba mai kaushin kafin mai laushin. Ko ya saba, kada abinci mai kaushi ya gaza kamar kashi 40 cikin 100 na abin da yake ci. Ragowar tuwo, ƙanzo, burodin da ya kwana, ƙullun da ya yi tsami, duk hukuncinsu ɗaya da geron nan.

Akwai duba biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko, tumbi yana ɓangaren hagu. Ka danna dunƙulen hannunka a ramin kwiɓin hagu, bayan haƙarƙari na ƙarshe, za ka ji yana tasowa yana komawa sau ɗaya ko biyu a minti. In ka yi minti biyu ba ka ji komai ba, kuma dabbar ba ta tuƙa, kada ka jira gobe. Na biyu, kashi. Mai kyau yakan zauna kamar an kifa ƙaramin faranti, da ɗan lotsawa a tsakiya. In ya zama ruwa-ruwa da kumfa, dusa ta yi yawa. In ya fito a bushe, a curkuɗe da layi-layi, furotin ko ruwa ne ya yi kaɗan.

Me ya sa yake ci amma yana ramewa?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji daga Fabrairu zuwa Mayu. Komi cike da karan dawa, sa yana ta tauna, amma ƙashin baya na ƙara fitowa. Dalilin shi ne bakteriyar tumbi su ma suna buƙatar furotin don su hayayyafa. Idan furotin ɗin abinci ya gaza kashi 7 cikin 100, aikinsu yakan yi sanyi, kara ya daɗe a tumbi bai narke ba, dabbar ta ji cikinta a cike ta kasa ƙara ci. Busasshen kara da ciyawar da ta bushe a tsaye da rani sukan tsaya ne a kashi 2 zuwa 4. Ciki cike, jiki na yunwa kenan.

Harawar wake da ta gyaɗa sun haura kashi 10, in an adana su da ganyensu. A ganyen amfanin yake. Harawar da aka shanya a kan rufi wata huɗu rana na dukanta, ganye ya kakkaɓe, saura sanduna, ba ita ce wadda aka ɗaure da kaka ba, ko da kuɗinta ya ninka. Inuwa take so da wurin da iska ke ratsawa. Ƙulin angurya da na gyaɗa sun fi harawa furotin nesa ba kusa ba, kuma kilo ɗaya a rana kan sauya yadda sa ke cin kara gaba ɗaya. Kowar wake da 'ya'yan gawo su ma ba abin rainawa ba ne. Duk abin da ya yi funfuna kuwa, musamman ƙuli da masara, a zubar. Gubar da ke cikinsa hanta take ci, kuma ba ta nuna kanta sai an makara.

Akwai dabarar da ake koyarwa ta gyara kara ko bambaron shinkafa da takin yuriya, tunda bakteriyar tumbi na iya juya shi ya zama furotin. Ana narkar da kilo 4 na yuriya a ruwa lita 50 zuwa 100, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, a danne a rami ko a lulluɓe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, har mako uku. In an buɗe a bar shi ya sha iska kafin a ba dabba. Tana aiki. Amma ba na son mutum ya karanta wannan sakin layin ya je ya yi shi kaɗai karon farko. Yuriyar da dabba ta lasa kai tsaye, ko ta sha a ruwan da ya taru a komi, tana iya kashe ta cikin awa guda. Ba a ba ɗan maraƙin da tumbinsa bai nuna ba, ba a ba jaki ko doki. A nemi malamin gona ya tsaya a kai.

Maganar kanwa kuma, iyayenmu ba su yi kuskure ba. Akasarin abin da ke cikinta sinadarin sodiyam ne mai kashe tsami, kuma ciyawarmu ba ta da isasshen gishiri. Buƙatar nan ce ke kai makiyayan Nijar yankin Ingal duk ƙarshen damina. Sai dai kanwa ba ta maganin ƙarancin fosfaros, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, kuma yana daga cikin abin da ke sa shanu tauna ƙashi, tsumma da leda. Dutsen lasa na kanti ya fi cika wannan giɓin. Dusar alkama ma tana da fosfaros mai yawa.

Lissafin da ake tsallakewa

Sa yakan ci busasshen abinci kimanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa a rana. Mai kilo 250 zai ci wajen kilo 7 ke nan, kuma yana ƙara nauyi yana ƙara ci. A kwana 100 ya haura kilo 700. In uku ka ɗaure, kana maganar sama da tan biyu. Mutane da yawa sukan kashe duk jarinsu a kara ranar saye, su dawo gida da shanu uku da buhun dusa biyu, sai a wata na biyu a fara rage musu abinci. Alhali rabin abin da sa ke ci ko fiye yana tafiya ne wajen riƙe rai kawai, numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki. Abin da ya hau kan wannan shi ke zama nama. In ka rage kashi ɗaya cikin uku na abincin, kusan duk ƙibar ka yanke, kana ciyar da dabbar da ke tsaye wuri ɗaya. Biyu ƙosassu sun fi huɗu masu rabin ciki riba, a ganina ba ma kusa ba.

Da abinci mai kyau, shanunmu na gida irin Bunaji da Bokolo kan ƙara tsakanin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a rana. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kan irin wannan kiwo, kuma wa'adin da aka fi ba da shawara shi ne kwana 90 zuwa 120. Bayan nan ƙarin yakan ragu, ya koma kitse, kitse kuwa ya fi tsoka cin abinci.

Sai a lura da kalanda. Babbar Sallah na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. A 2023 ta faɗo ƙarshen Yuni, a 2025 farkon Yuni. Wato wanda ke kiwo don kasuwar Sallah a shekarun nan, watanninsa na turke sun faɗa tsakiyar bazara, lokacin da harawa ta fi tsada, zafi ya fi tsanani. Wanda bai tara harawa tun Nuwamba da Disamba ba, ribarsa mai harawa zai ba.

Ruwa ma lissafi ne. Da zafin Afrilu sa ɗaya na iya shan lita 40 ko fiye. Uku ke nan jarka biyar ta lita 25 kullum, in kana saye wajen 'yan garuwa sai ka sa a lissafi. Tumbi tukunyar tsimi ce, ba ruwa ba aiki, kuma dabbar da ke jin ƙishi takan rage ci tun kafin ka ga wata alama. Bokiti ɗaya da azahar bai isa ba. In ba za a iya barin ruwa a gabansu ba, a ba su sau uku. A yi musu rumfa, ko ta zana ce.

Ranar kasuwa

Ko Potiskum ka je, ko Maigatari, Wudil, Mubi ko Illela, ido zai ja ka wajen wanda ya riga ya cika. Wannan ribarsa wani ya ci. Abin nema shi ne mai babban ƙashi, doguwar gaɓa, faɗin baya da ƙirji, wanda yunwar rani ce ta rama shi ba ciwo ba. Irin wannan in ya samu abinci yakan yi saurin mayar da jiki fiye da wanda bai taɓa ramewa ba. Bambance shi da mara lafiya shi ne aikin: hanci da danshi, ido garau, fata na motsi in ka ja, ba tari, ba kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi, gindin wutsiya ba alamar zawo. A sa shi ya ɗan yi sauri, a saurari numfashinsa bayan ya tsaya.

Shekaru kuma a baki ake gani, ba a bakin dillali ba. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Na nono ƙanana ne. Manya biyun farko kan fito wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi a shanunmu, daga nan biyu-biyu kusan duk shekara har su cika takwas wajen shekara huɗu zuwa biyar. Mai manyan haƙora biyu zuwa shida shi ne daidai turke. Wanda haƙoransa suka side suka yi gajeru da giɓi a tsakani, tsoho ne, ba zai iya da kara ba.

Ba ka da sikeli, amma akwai tef ɗin tela. Auna zagayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, ta bayan tozo. Sannan auna tsawo daga kan kafaɗa ta gaba zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Duka da santimita. Ninka zagayen ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Misali ƙirji 150, tsawo 125: zai ba ka kusan kilo 260. Ƙiyasi ne, yana iya kaucewa da 'yan kiloli, amma in kana yi duk mako biyu da safe kafin ci, kana rubutawa, zai gaya maka ko kuɗin dusarka na zama nama. Kuma da shi za ka san adadin maganin da za a ba dabbar. Allurar da aka yi da ka, aka rage don tsimi, ita ke koya wa tsutsa da ƙwayoyin cuta jure magani.

Sabon saye kada ya haɗu da na gida sai ya yi mako uku zuwa huɗu a keɓe, da kominsa da bokitinsa. Kara wuri ne da shanun ƙasashe uku ko huɗu ke shaƙar numfashin juna, kuma ciwon huhu na iya ɓoyewa makonni a jikin dabbar da ke tafiya lafiya lau. A wannan zaman ne ake ba da maganin tsutsar ciki, a cire kaska, a yi rigakafi. Cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda ke aiki a can tun 1924, tana yin rigakafin ciwon huhu da harbin daji da ciwon saifa, kuma ta ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha ake nema. Wani abu da ake yawan kuskurewa: allurar ibamektin zalla tana kashe tsutsar ciki da ƙwarin fata, amma ba ta taɓa tsutsar hanta, wadda shanun da suka yi kiwo a fadama ke kwasowa. Ita maganinta daban, sai a gaya wa likita daga inda dabbar ta fito.

Kowane magani kuma yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka, a rubuce a jikin kwalba. Na wasu allurai ya haura wata guda. Wanda ya yi wa sa allura ana jibi Sallah don ya yi sheƙi, iyalan wani ne za su ci ragowar maganin.

Idan dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa, kada a ci. Alamar ciwon saifa ce, yana kama mutum, kuma ƙwayarsa na rayuwa shekaru a cikin ƙasa. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta jihar Neja, don haka ba tsohon labari ba ne.

Leda, ƙusa da gyauro

Saniya ba ta tantance abin da ta kwasa da harshe, haɗiyewa take yi ta tauna daga baya. Leda ba ta narkewa. Takan taru a tumbi ta nannaɗe ta zama dunƙule, ta cinye wurin abinci, sai ka ga dabba da ƙaton ciki tana ramewa, an yi ta ba ta maganin tsutsa a banza. Tambayi kowane mahauci a birni abin da yake cirowa. Ƙusa da guntun waya kuwa sukan faɗa gidan nan mai kama da saƙar zuma, wanda ke daf da zuciya, tsakaninsu 'yan santimita ne. Wata rana sai ƙarfen ya huda. Igiyar buhu, wayar da aka ɗaure dami da ita, ledar da yara suka yar, a tsince su kullum. Aikin minti biyar ne.

Gyauron dawa kuma manoma sun riga masana saninsa. Ɗanyen tohon dawa, musamman wanda ya fito bayan girbi ko wanda fari ya daƙushe, yana ɗauke da wani sinadari da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanaid da zarar ya shiga tumbi, ta hana jiki amfani da iskar da ake shaƙa. Dabba na iya faɗuwa cikin mintuna. In dawar ta girma, ko an yanke ta ta bushe sosai, haɗarin ya ragu ƙwarai. Haka farkon damina, kada a saki san da ya kwana da yunwa cikin ɗanyar ciyawa mai raɓa, musamman ganyen wake. Ya fara cin busasshe tukuna. In kwiɓin hagu ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, gas ne ya kasa fita ta gyatsa, kuma yana danne huhu. A tsayar da shi gabansa ya fi bayansa tudu, a aika a kira likita nan take. Ɗura mai ko ruwa da ƙarfi ga dabbar da ke haki na iya wucewa huhu.

Kawu ya sake ɗaure biyu bara, Bokolo ɗaya Bunaji ɗaya. Ya sa ƙofar langa-langa a wurin da kwaɗo, mabuɗin na aljihunsa. Tef ɗin da na kai masa kuwa har yanzu yana cewa idonsa ya fi shi, sai dai ƙanina ya ce ya gan shi yana aunawa da asuba.